Hannun Baba a Hoton Kulob

Jiya nake goge hotuna a kulob ɗin 'yan Ostireliya da nake wa aiki a unguwar Mesaimeer, nan ƙasar waje, masu ƙwallon nan mai kama da ƙwai. A hoto mafi tsufa na gane hannun marigayi Baba, dattijon da ya samo mini aikin, riƙe da ƙarfen gola. Sauran jikinsa an yanke daga hoton.

Shi ya share musu filin tun yana tsakuwa. Kafin kowane wasa mukan sunkuya, ƙasa na ƙona yatsunmu, yana cewa, "Ɗana, tsince fasasshiyar kwalbar nan, kar yaron wani ya yanke."

Yanzu ga ciyawa, ga kofuna. Ina tsoron rasa aikina, amma na nuna wa manaja hannun. Wai, "Na waye?"

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya saka maka, tunda su ba su yi ba.