Jakar Malam Siraj da Takardu Ukun da Na Ƙona

Mai karatu, idan ta'aziyya mai sanyaya zuciya kake nema, ajiye wannan takarda tun yanzu. Akwai jini a cikinta, akwai wuta, akwai kuma laifin da na yi da hannuna. Ba zan sassauta wa waɗanda suka kashe shi ba, ba zan sassauta wa kaina ba, kai ma da 'ya'yanka ba sa iya gaida kakarsu da Hausa ba zan ƙyale ka ba.

Ranar Juma'a ce, wajen ƙarfe uku na rana. Ina tsaye a kicin ina wanke shinkafa Hajiya Rabi ta kira ni, wadda ke sayar da turare da gyale a bakin tashar bas ta unguwarmu, Soundview, a nan ƙasar Turawa da muke zaune. Ko sallama ba ta yi ba.

"Maman Hauwa, sun kashe Ba'indiyenku! Wallahi a gabana! Saki ya ƙi yi, Maman Hauwa, ya ƙi sakin jakar!"

Ba'indiyenmu shi ne Malam Siraj, maƙwabcinmu na shekara tara, ƙofarsa na kallon tamu a hawa na huɗu. Mutumin Manipur ne, wata jiha a can gabashin Indiya mai harshenta da rubutunta na kanta. Musulmi ne, sahu ɗaya suke sallah da maigidana. Da safe yana aiki a kantin magani. Daga la'asar kuwa sai ya zauna kan ainihin aikinsa: yana juya labarai da waƙoƙin mutanensa zuwa Turanci, yana kuma kwafe tsofaffin takardunsu da hannu, harafi bayan harafi, cikin tsohon rubutunsu da ya ce 'yan kaɗan ne suka rage masu iya karanta shi da kyau.

Ga abin da Hajiya Rabi ta gani. Ya fito daga masallaci da jakarsa ta fata a kafaɗa. Wasu ƙarti biyu suka sha gabansa, sun ɗauka kwamfuta ce a ciki. Ɗaya ya finciki igiyar, Malam ya rungume jakar a ƙirji. Suka naushe shi a baki, ya riƙe. Suka kayar da shi, suka ja shi a kan siminti har fatar gwiwarsa ta saluɓe, ya riƙe. Sai ɗayan ya zaro guntun ƙarfe ya dinga dukan yatsunsa, da ya ga bai saki ba ya koma kansa. Mutane na tsaye da rana tsaka, wasu har sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Hajiya Rabi, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ita ce ta yi kansu da kujerarta ta roba tana ihu, sannan suka gudu. Ya cika kafin a kai shi asibiti. Maigidana yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce mini, "Yatsun nan sun ƙi miƙewa. A lanƙwashe muka sa shi a likkafani."

Babu kwamfuta a jakar. Littafin rubutu ne guda ɗaya, mai baƙin bango.

Ni na san dalilin da ya hana shi saki, domin da hannuna a ciki.

Shekara biyu da suka wuce rikici ya ɓarke a ƙasarsu, aka ƙona gidan mahaifinsa da ɗakin da ya tara littattafai tun yana saurayi. Ƙanwarsa ce ta turo masa hoton toka. Babu abin da ya tsira sai tsofaffin takardun da ya riga ya taho da su nan cikin gwangwanin biskit. A daminar shekarar kuma bututun ruwa ya fashe a saman ɗakinsa, takardun suka jiƙe. Ya fito da su ya shanya a baranda tsakanin ƙofofinmu, ya danne kowace kusurwa da cokali, ya koma kwashe ruwa.

Na dawo daga aikin jinyar tsofaffi a gajiye. Lokacin maigidana yana kwance wata guda da ciwon da likitoci suka kasa ganewa, kuma ana ta raɗa mini cewa da sa hannu. Sai ga takardu uku daidai bakin ƙofata, sun yi ja don tsufa, da wani rubutu mai ƙugiyoyi wanda ba boko ba, ba Larabci ba, an jera musu cokula. Ni da na yi sakandare, ni da nake wa mata wa'azi a kan camfi, ban tambayi kowa ba. Na ce asiri ne. Na karanta Falaƙi da Nasi, na ɗauke su da hannun hagu, na kunna gas, na riƙe su har suka cinye, na kora tokar da ruwan famfo.

Ba a jima ba ya ƙwanƙwasa. Da Turanci muke magana da shi.

"Hajiya, ko iska ta turo miki wasu takardu uku?"

Na ce, "Naka ne? To na ƙona. Mutum ba ya ajiye wa maƙwabci irin wannan abu a ƙofa."

Ya dafa bango. Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Waƙoƙin da mata ke yi ne idan suna dashen shinkafa. Mijin wata tsohuwa ya rubuta mata su. Tsohuwar ta rasu a sansanin gudun hijira. Ban kai ga kwafe su ba." Ya ɗago ya dube ni. "Wanda ya ƙona gidanmu ma bai iya karanta abin da ya ƙona ba, Hajiya."

Tun daga ranar bai sake barin aikinsa a ɗaki ba. Duk abin da ya kwafa sai ya shiga baƙin littafin nan, littafin kuma ya shiga jaka, jakar na kafaɗarsa ko masallaci za shi. Ni na koya masa cewa bango da ƙofa ba sa tsare takarda. Ƙartin nan su suka riƙe ƙarfe, Allah ya tona asirinsu, amma ni na rataya masa jakar.

Bai taɓa gaya wa maigidana ba, bai kuma daina gaishe ni ba. Da sallah matarsa Salima ta kawo mana kifi da ganye kamar kullum. Sau ɗaya kawai ya taɓo zancen. Ya ji ina waya da Inna, mahaifiyata da ke Damagaram, ina miƙa wa 'ya'yana wayar suna cewa kalma biyu da Turanci suna gudu. Ya ce, "Mahaifiyarki tana waƙa?" Na ce tana yin ta daka da ta raino. Ya ce, "Ki rubuta tun tana da numfashi. Ni sai da na rasa masu yi sannan na fara gudu." Na ce to. Ban rubuta ko layi ɗaya ba.

Ran sadakar uku Salima ta buɗe mini littafin. Jini ya ratsa gefen shafukan amma rubutun na nan. Kusa da ƙarshe akwai shafi uku farare, ya sa musu lamba ya tsallake. Ta ce, "Ban san me ya sa ya bar su ba." A gaban matan da suka zo ta'aziyya na gaya mata abin da na yi. Ta yi kuka, ta riƙe hannuna, ban cancanci hakan ba.

Ya Allah ka jiƙan Siraj, ka karɓi mutuwarsa a matsayin shahada, ka yalwata kabarinsa, ka miƙe masa yatsunsa a Aljanna. Ka ba Salima da 'yarsu haƙuri, ka kawo wanda zai ƙarasa littafin nan. Ka kama waɗanda suka doke shi tun a duniya. Ni kuma ka yafe mini, ka sa shi ma ya yafe.

Ga dokar gidana daga yanzu, na kuma manna ta a jikin firij. Ba a ƙona takarda, ba a jefa ta a shara, sai an kai wa wanda ya iya karanta ta. Kowace Lahadi da hantsi Hauwa da ƙannenta za su zauna a tabarma, a kira Inna, ta yi waƙa, kowa ya cika shafi guda da Hausa, ni ma da nawa. Wanda ya amsa mata da Turanci zai ajiye mini wayarsa har wata Lahadin.