Ɗan Turmin Yajin Kaka

A gidanmu na cikin Birnin Zariya, Kaka ce mai tatsuniya. Bayan sallar isha'i mukan kewaye kaskon wutarta, ni da ƙanena Bashari, wanda take tsokana da "maigidana". Ciwon asma gare shi, don haka ko tana tsakiyar labari, kunnenta ɗaya na kan ƙirjinsa.

Akwai wadda muka fi so. Wani manomi ne fari ya ishe shi, sai aljana ta ba shi tulu mai 'yar huda kamar ta allura. "Ruwan damina guda ne a ciki," in ji Kaka da muryar aljana. "Bar shi ya riƙa ɗiga." Manomi ya ga shukarsa na yaushi, tausayi ya kama shi, ya ɗauki dutse ya fasa tulun. Ruwa ya tafi da gona, ya haɗa da gida. Mu kuwa sai dariya, muna cewa kai, wannan wawa ne!

Shekarar da Bashari ya cika shida, aka rubuto masa wata ƙatuwar ƙwaya daga asibiti. Ya kasa haɗiyewa, sai kakari da kuka. Kaka kuwa ba ta jure kukansa.

"Share hawayenka, maigidana. Ina raye za a shaƙe min kai?"

Ta daka ƙwayar a ɗan turmin yajinta, ta dama masa a koko. Kwana uku tana yi, safe da yamma. A na ukun zuciyarsa ta riƙa bugawa har ana gani ta saman riga. Ya yi amai, sai jijjiga. Kafin a samo mota ya cika. Aka ce kwanansa ne ya ƙare.

Sai da na shiga makarantar jinya na ji malami yana bayani: wata ƙwayar nan take take narkewa, wata kuwa an yi mata rufi ne don ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan a hanji, wuni guda. In aka daka ta, maganin wuni yakan afka cikin jini lokaci ɗaya. Na tashi na fita daga aji. Tun ranar ban ƙara kiran manomin nan wawa ba.

Na zo hutu da rantsuwar ba zan taɓa faɗa wa Kaka ba. Ta tsufa, gara ta tafi ba ta sani ba. Muna zaune gaban kasko na ce, "Kaka, yi mini ta tulu."

Ta daɗe tana tona toka da tsinke.

"Wannan na manta ta."

Kaka ba ta manta tatsuniya. Nan na tuna, tun ranar jana'izar Bashari ban sake ganin turmin nan a ɗakinta ba.