Yaya Habu da Turancin Mutanen Suwaidi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu a Riyad, kuma har yau in zan tura wa maigidana saƙo da Turanci sai na ji kamar yana leƙen wayata.

Malamin makaranta ne a Gusau kafin aikin tafinta ya kawo shi wani ofishin jakadanci. Ni direba ne. Ranar Juma'a bayan masallaci, ɗakinsa a unguwar Suwaidi cika yake da 'yan'uwanmu, kowa da jimlar da yake so a duba masa. Ba ya raina kowa, amma fa ba ya ƙyale kuskure. Wani abokina ya taɓa ce wa manajansu Ba'indiye “I am coming”, ya kama hanyarsa, bawan Allah ya zauna jiransa har la'asar. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Kai, ‘ina zuwa’ tamu ce kaɗai. Su in sun ce suna zuwa, zuwan suke yi.”

Yau waya ke wannan gyara, ta ja jan layi ta wuce. Na tabbata da yana nan zai yaba mata, sannan ya ce ba ta san dalilin kuskurenmu ba.

Bana 'yarsa Hanan ta nemi aikin jinya a wani asibiti. A nan Riyad aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta. In ba ta samu ba, iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare, sai komawa ƙasar da sau biyu ta taɓa gani. Da Turanci za a yi ganawar, don haka ta zaunar da ni tana gwaji. Ta ce, “My father is a teacher.” Na gyara zama irin na Yaya, na ce ai ga wanda ya rasu “was” ake cewa.

“Na sani, Baffa,” in ji ta. “Shi ya koya mini. Amma wallahi duk jimlar da zan faɗa, sai na ji ya gyara ta kafin ta fito. Ta yaya zan ce ya daina?”

Kewarsa ta taso mini sabuwa.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba. Ya bar yarinyar da ta shiga gaban likitoci ta yi magana ba gargada, ta fito da aikinta. Allah ya jiƙan Yaya Habu. A wannan jimla dai, ni na yi kuskure.