Kayan Ɗan Dako

Idan ƙarfe biyu na rana ta yi a Sharada, masu aikin safe suka fara fitowa daga ƙofar wani kamfanin roba, ba za ka iya ware Malam Lawal daga cikinsu ba. Dogo ne da ya fara ranƙwafawa, da hula mai maiƙo da silifas, yana tafiya kamar wanda ba ya son ya isa inda za shi. Shekararsa hamsin da ɗaya. Yana ɗan sha tara ya baro ƙauyensu a wajen Ringim, ya fara da masaƙa a Bompai, da aka rufe ta ya koma lodi a wani sito a Dakata, yanzu kuma shekara goma sha huɗu ke nan yana tsaye gaban inji yana cire butoci masu zafi yana kankare musu baki da reza. Bai taɓa zama foman ba, bai kuma taɓa nema ba. Matarsa Sauda takan ce ko magana ce sai ya auna ko za ta gajiyar da shi kafin ya yi ta.

To wannan mutumin ne, mai furfura a gemu da ’ya’ya shida, ya yi kwana huɗu a jere yana zama a gidan gem, inda yara ke buga wasannin kwamfuta. Wanda duk ya gan shi sai ya sake dubawa.

Abin ya samo asali ne tun zamanin masaƙa. A can ya haɗu da Yohanna, ɗan wani ƙauye kusa da Zonkwa, gajere mai surutu, wanda injinsa ke kusa da na Lawal. Suka kama ɗaki ɗaya a Dakata, ɗaya na da dadduma ɗaya na da Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin filo, ba wanda ya taɓa takura wa wani. Wata rana Yohanna ya shigo da tsohon akwatin gem irin mai cin kaset, da kaset guda ɗaya tal wanda takardar jikinsa ta ɓare. Suka jona shi a ’yar talabijin ɗinsu. Rubutu ya fito irin na mutanen Gabas mai nisa, ba wanda ya gane ko ɗigo, sai kuma ga wani ɗan mutum da ƙaton buhu a bayansa yana gudu, yana tsallake ramuka, yana hawa tsani, wasu masu kaki da tocila suna bin sa.

Ba su yi wata shawara ba. Kallo ɗaya suka yi masa suka san ko wane ne, domin irinsa sun cika Dakata. Suka sa masa suna Ɗan Dako. Masu kakin nan suka zama su Foman, ƙaton da ke tare hanya a ƙarshen kowane mataki kuma Manaja. Aikin ɗan dako dai a kai kaya inda aka ce, don haka suka ɗaura aniyar sai sun taya wannan bawan Allah ya sauke nasa. Hannun gem ɗin ɗaya ne, in wannan ya faɗi rami sai ya miƙa wa wancan.

Matsalar ita ce wasan mataki takwas ne, kuma ba ya ajiye inda ka tsaya. Sai ka yi kusan awa uku a zaune wuta ba ta ƙifta ba. Awa uku, a Dakata! Sau huɗu suna kai shi mataki na takwas, har suna hango ruwa da jirgi, sai ɗif, a ɗauke wuta, su zauna suna kallon fuskokinsu a baƙin gilashi. Daga baya wata wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone akwatin. Masaƙa ta rufe, kowa ya yi aure, Yohanna ya samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa ya koma can da zama. Abin da ya rage musu shi ne gaisuwa. Duk inda suka haɗu, ko a waya, Yohanna zai ce, “Malam Lawal, kayan nan fa ba su isa ba.” Lawal ya ce, “Mai kaya ya ƙara haƙuri, muna hanya.” Shekara ashirin da bakwai suna wannan, har ’ya’yansu sun haddace ba su san ma’anarsa ba.

Ranar wata Lahadi Hannatu, matar Yohanna, ta kira shi. Ta ce ƙirjin maigidan ya ƙi, likita ya ce ya bar aiki ya bar garin ma in da hali, sun yanke ranar Asabar za su koma gida gaba ɗaya. Lawal ya je ya same shi a kwance a tabarma, duk ya zube, idanu sun faɗa. Yohanna ya ɗago ya fara, “Malam Lawal, kayan nan fa…” tari ya ƙwace sauran. Lawal ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, ta ƙi fitowa. Wace hanya kuma? Ya san in motar nan ta tashi ranar Asabar, da wuya su sake zama a tabarma ɗaya. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ya zuwa da hawaye, sai dai ya ƙara wa ƙafa nauyi.

Washegari da ya tashi daga aiki bai nufi gida ba. Ya tsaya a shagon Sagir, wani magidanci mai gidan gem da gyaran kwamfuta a layinsu a Na’ibawa, ya tambaye shi ko ana samun irin tsohon akwatin nan.

Sagir ya yi dariya. “Malam, ai wannan ko a wajen ’yan gwangwan sai an tona. Amma ba sai kun same shi ba. Akwai abin da ake kira emuleta, manhaja ce da ke sa kwamfuta ta yi shigar tsohon akwatin, ta riƙa cin wasanninsa kamar ita ce shi. Ina da su a nan sun fi dubu tara. Ku faɗi sunan kawai.”

“Ɗan Dako,” in ji Lawal.

Sagir ya ɗora yatsu a kan madannai, sannan ya ɗago. “Na’am?”

“Ɗan Dako. Rubuta mana.”

Don girmamawa ya rubuta. Ba abin da ya fito, dama me zai fito? Sai a lokacin Lawal ya gane cewa sunan da ya riƙe shekara ashirin da bakwai, a duk faɗin duniya mutum biyu ne suka san shi, ɗaya kuma yana kwance a Challawa. Ya kwatanta buhun, ya kwatanta su Foman, har ya rage murya ya rera kiɗan wasan, masu buga ƙwallo a ɗaya gefen suka juyo suna ƙunshe dariya. Sagir ya ce bai san shi ba. Hanya ɗaya ce, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ba shi kujera da wata tsohuwar laftof, ya cire masa na ƙwallo da na tseren mota da na dambe, ya nuna masa inda zai danna. Haka Malam Lawal ya zauna, mutumin da ya yi awa takwas a tsaye, yana buɗewa yana rufewa. Jirage, dodanni, masu takobi, wata dabba mai tsalle. La’asar ta yi ya fita ya yi salla ya dawo. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Idanunsa suka yi ja, wuyansa ya ƙage. Ranar Laraba Sauda ta tare shi a tsakar gida ta ce maƙwabta sun fara tambayar ko lafiya, dattijo da shi a cikin masu gem. Ya ce mata lafiya lau, ya nemi ruwan zafi ya gasa ƙafa. Shi kansa ya ji kunyar abin, ya kuma ji haushin kansa, amma ranar Alhamis ya koma.

Ana gab da kiran La’asar kiɗan ya tashi. Tun kafin hoto ya fito ya gane shi. Ga ɗan mutumin nan da buhunsa, bai tsufa ba, bai ranƙwafa ba.

“Sagir! Ga shi!”

Sagir ya zo ya leƙa, ya karanta sunan, wani dogon suna da Lawal ya manta tun kafin a gama faɗa. Wannan kwafin na Turanci ne, don haka rubutun da ke fitowa a farko ya karantu. Sagir ya bi shi da ido, sai ya fara murmushi.

“Malam, wa ya ce muku ɗan dako ne? Ai ɓarawo ne. Ga shi nan an rubuta, gidan ajiyar zinariya ya fasa. Waɗannan masu kakin masu gadi ne.”

Lawal ya matso kusa da gilashin. Ya dubi ɗan mutumin nan da suka sha yi wa addu’a, wanda Yohanna ya taɓa ƙin cin abinci saboda ya jefa shi rami a mataki na bakwai. Ashe ƙato ne da kayan sata. Su kuma da suka ga mutum da kaya a baya ana korarsa, ba abin da ya zo musu sai kansu.

“Akwai mai wancan rubutun? Wanda ba a iya karantawa?”

“Akwai.”

“Shi za ka sa min.”

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci ya hau A-daidaita zuwa Challawa, da laftof ɗin Sagir a cikin jakar buhu da hannun gem guda ɗaya. Ɗakin Yohanna duk an ɗaure kaya, katifa a naɗe, tukwane a cikin bokiti. Hannatu ta ce, “Sannu da zuwa, Malam Lawal, ga mutuminka nan tun safe yake ƙorafi.” Ya ce, “Maman Elisha, ba ni aron kujera in ɗora wani abu.” Ya buɗe, ya danna yadda aka koya masa.

Da kiɗan ya tashi Yohanna ya yunƙura ya zauna ba wanda ya taimaka masa. Ya miƙo hannu kawai.

Kai, tsufa ba shi da kunya. Ramin farko, wanda da suke tsallakewa suna hira, sau biyar yana cinye su. Yatsun Lawal sun saba da reza, na Yohanna suna rawa. Sai Lawal ya nuna masa abin da Sagir ya kira sebin: ka danna nan, wasan ya riƙe daidai inda kake, in ka faɗi ka dawo wurin, ba sai ka koma farko ba. Yohanna ya daɗe yana kallon madannin.

“Yanzu wannan yana duniya, muka sha waccan wahalar?”

“Lokacin ba a yi shi ba.”

“Komai sai ƙarfinka ya ƙare ake kawo shi,” in ji Yohanna, ya karɓi hannun.

Suka yi ta tafiya, taku kaɗan su yi sebin, su faɗi, su tashi. Lawal ya fita ya yi La’asar a ƙofar gida ya dawo ya tarar an wuce Manaja na huɗu. A mataki na shida fanka ta tsaya, an ɗauke wuta, su biyun suka yi salati da kiran Yesu a tare, Yohanna har ya dafe kai. Hoton bai ko motsa ba, batir na riƙe da shi. Hannatu da ke bakin ƙofa ta yi musu dariya har da riƙe ciki.

Rana ta yi sanyi suka shiga na takwas. Ga ruwan, ga jirgin. Tari ya hana Yohanna riƙe hannun sosai, amma da suka zo tsallen ƙarshe Lawal ya miƙa masa. Sau tara yana faɗawa ruwa. A na goma ɗan mutumin ya dira a cikin jirgi.

Kiɗa ya canza. Ya sauke buhun, ya kwance bakinsa, wani abu mai ƙyalli ya zubo ya yi tsibi. Ya haye kai ya kwanta, ya harɗe ƙafa, ya ja hula ya rufe fuska. Jirgi ya fara tafiya.

Yohanna ya jira. Ya ƙara jira.

“To ina mai kayan? Wa zai sa hannu a takarda?”

Tun jiya Lawal ya tanadi ƙaryar da zai yi, cewa mai kayan yana tsallaken ruwa. Ya dubi abokinsa, ya ga ƙasusuwan wuyansa, sai ya ji ba shi da ƙarfin ɗaukar ko da ƙarya ce.

“Babu mai kaya, Yohanna. Ɓarawo ne. Sagir ya karanta min a na Turanci. Su Foman ɗin nan masu gadi ne.”

Ɗan kiɗan ya ci gaba da tashi. Can kafaɗun Yohanna suka fara girgiza, dariya ta taso ta haɗu da tari, Hannatu ta kawo ruwa da gudu. Da ya lafa ya share ido da bayan hannu.

“Mu da muke tausayinsa! Shekara ashirin da bakwai ina cewa ɗan’uwanmu ne.” Ya numfasa, ya sake duban gilashin. “Ni ma dai na yi mamaki. Ban taɓa ganin ɗan dakon da ya isa ya kwanta ba.”

Lawal ya dubi kayan da aka ɗaure. Gobe ƙarfe shida yana gaban inji, mota kuma ƙarfe bakwai za ta tashi, ba zai samu rakiya ba, dukansu sun sani. Ya kai hannu zai rufe laftof ɗin, Yohanna ya riƙe masa wuyan hannu.

“Bar shi tukuna, Malam Lawal. Bari in ga yadda ake yi.”

Ya jingina da ɗaurin katifa, Lawal ya gyara masa filo, suka zauna suna kallon mutumin yana barcinsa har aka kira Magariba.