Kalilu Tela da Injin Iska na Mazanya

Kalilu mutumin Mazanya ne, amma a Jibiya yake sana'a. Rumfarsa tana bakin hanyar Maraɗi, daidai inda motocin gyaɗa suke tsayawa kafin su ƙarasa wajen 'yan duwan, wato 'yan kwastan na bakin iyaka. Kullum da safe yakan hawo kekensa daga ƙauye, ya buɗe rumfa, ya shafa wa keken ɗinkinsa mai kafin ya taɓa ko ƙyalle ɗaya. A Katsina ya koyi ɗinki, ya dawo da keken nan a kan jaki, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Kafin zuwansa, wando ɗaya sai ya cinye wa mai allura kwanaki. Shi kuwa sai Bafatake ya kawo yadi da hantsi, ya karɓi rigarsa kafin la'asar. Tun daga nan Kalilu ya ɗauki ƙarfe da girma. Duk abin da ke juyawa da kansa, ko yake magana da kansa, yana ganin alheri ne Allah ya saukar.

Shi ya fara kawo akwatin rediyo layin nan, a shekarar 1955, da wani ƙaton batir mai nauyin tubali. Da an sauko daga la'asar sai rumfa ta cika: direbobi, dillalan hatsi, Fulani masu jiran motar Katsina. Kalilu yana taka keke yana fassara musu abin da ba su gane ba. In aka ce an ƙera jirgin da ya fi ƙara gudu, sai ya kaɗa kai ya ce lalle. In aka ce takin zamani yana ninka gyaɗa, gobe sai a gan shi a ofishin gona.

Mutum ɗaya ne yake ja da shi, Baba Mahmudu, wani dattijo na Mazanya da ke zuwa Jibiya ran kasuwa sayar da igiya. Yakan zauna a bakin rumfa, ya saurara, ya ce, "Ni mai magana in ban ga idonai ba, ban san ko shina jin kunya ba."

Kalilu yakan yi dariya ya ce, "Baba, haka kunka ce da mota ta zo. Yau ga ku cikinta."

Baba Mahmudu shi ke da rijiyar da rabin Mazanya ke sha. Mahaifinsa ne ya haƙa ta, aka ɗaure bakinta da itacen ƙirya. Ko rani ya kai inda ya kai ba ta ƙafewa, sai dai zurfi gare ta, guga yana cin tafin hannun mata.

A shekarar da aka yi zaɓen majalisar Arewa, wato 1956, sai ga Ya'u a rumfa. Ya'u abokin Kalilu ne na ƙuruciya, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi jinya a zaure ɗaya. Shi ya samu shiga elementare, ya yi malamin sikeli wajen masu sayen gyaɗa, yanzu kuma ya zama wakilin wani ɗan takara. Ya zo da hula mai tsini da takalmi sau-ciki, ya rungume Kalilu, ya ce ya kawo wa garinsu abin da ko Maraɗi ba ta da shi.

Injin iska ne, in ji shi. Doguwar hasumiya ta ƙarfe, da fanka a samanta. Iska ta kaɗa, fanka ta juya, ruwa ya hawo ta bututu ya zuba a tanki. Ba kananzir, ba guga, ba igiya. Mace ta murɗa famfo ta cika tulunta ta yi gaba. Abin da ake bukata kawai rijiya mai ruwa, a rufe bakinta da siminti, a bar ƙofar bututu.

"Ni ba su yarda da ni," in ji Ya'u. "Sun ce na zama ɗan birni. Kai kuwa suna jin maganarka."

Kalilu bai yi barcin rana ba sai da ya je wajen Baba Mahmudu. Tsoho ya ƙi. Kalilu ya koma, tsoho ya sake ƙi. Ya tara masu gida a gindin tsamiya, ya zana musu injin a ƙasa da tsinke, ya ce su dubi hannun matansu. A ƙarshe Baba Mahmudu ya dube shi ya ce, "In an rufe ta, ruwa bai zo ba fa?"

"Baba, a kama ni," in ji Kalilu. "Ba Ya'u ba, ni."

Da wannan magana aka ba da rijiyar.

Mutanen Mazanya suka yi gayya. Suka kwaso yashi da tsakuwa daga gulbin Gada a kan jakuna, wani magini ya zo daga Katsina ya zuba wa bakin rijiya murfin siminti mai kaurin kamu guda. Kafin injin ya fara aiki, aka ce mata su yi haƙuri su riƙa zuwa gulbi, abu ne na 'yan kwanaki. Barira matar Kalilu tana cikinsu, da goyon Hassana a baya, da Rabi'a tana biye da ƙaramin tulu. Ba ta yi gunaguni ba, don mijinta ne ya kawo abin.

Mota ta zo da ƙarafa, aka haɗa hasumiya, aka ɗora fanka. Ranar da ta fara juyawa, yara da manya suka tsaya baki buɗe. Kalilu ya ɗinka tutocin jam'iyya kyauta, aka ɗaura a ƙafafun hasumiyar. Sai dai ba a zura komai cikin rijiyar ba. Ya'u ya ce abin tsotso ruwan yana cikin jirgi, ya kusa isowa Ikko. Ranar buɗewa ya sa aka ɗebo ruwa a duro daga gulbi aka juye a tanki, ya ce don manyan baƙi su ga yadda zai kasance. Ɗan takara ya zo, ya yi jawabi, aka tura Kalilu gaba ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, mai hoto ya ɗauka, mata suka yi guɗa. Kafin azahar tanki ya bushe.

Bayan kwana kaɗan, rumfa ta cika kamar kullum, har da mutanen Mazanya da suka zo kasuwa. Mai karanta labarai a rediyo ya ce an buɗe injin ruwa mai aiki da iska a Mazanya ta ƙasar Jibiya, jama'a suna sha suna shayar da dabbobi. Ya ƙara da cewa wani tela, Malam Kalilu, ya shaida wa wakilin ɗan takara cewa matan garin sun yar da guga har abada.

Ƙafar Kalilu ta tsaya a kan keke. Bai faɗa wa kowa haka ba. Ya ɗaga kai, ya ga mazan da matansu suka yi sammakon gulbi a ranar suna kallonsa. Ba wanda ya zage shi. Ɗaya bayan ɗaya suka sa takalma suka fita. Baba Mahmudu ne na ƙarshe, ya naɗe igiyoyinsa a hankali, ya bi bayansu.

Aka yi zaɓe, ɗan takara ya ci. Mako bai zagayo ba sai ga motar nan ta dawo, ma'aikata suka hau suka kwance fanka, suka warware hasumiya, suka ce gyara za a kai. Daga baya wani direba ya ba da labari a rumfa, bai ma san wa yake gaya wa ba, cewa ya ga irin injin nan tsaye a wata garka kusa da Katsina, yana ba da ruwa ga shukar mangwaron wani babban mutum.

Kalilu ya rufe rumfa ya shiga motar Katsina. Ya sami Ya'u a wani sabon ofishi, da masinja a bakin ƙofa. Ya'u ya sa aka kawo masa kujera da goro.

"Ya'u, ina injin?"

"Shina nan, za a maido. Ka san aikin gwamnati."

"Mangwaro shika ba ruwa. An gane shi."

Ya'u ya juya alƙalami a hannu. Sannan ya ce, "Kalilu, kai yaro ne? Injin guda anka ba mu, garuruwa huɗu munka kai shi. Ku ne ma kunka samu siminti."

"Da bakina na ce ma Baba Mahmudu a kama ni."

"To wa ya aike ka rantsuwa? Ka ji sunanka a rediyo, ƙasa duk ta ji. Mi kake so kuma?"

Kalilu ya ajiye goron a kan tebur ya fita. Ya ce daga baya, da Ya'u ya yi masa ƙarya a ranar, da ya fi masa sauƙi.

Mutanen gari suka nemi a fasa murfin, aka ce kayan hukuma ne, sai an sami izini. Suka jira har rani ya tsananta, izini bai zo ba. Suka ɗauko guduma da kansu. Murfin ya tsage, rabinsa ya rufta ciki, ya tafi da bangon rijiyar. Ta cike da ƙasa. Baba Mahmudu ya tsaya a kan ramin ya daɗe, ya koma gida. Har ya rasu a damina mai zuwa bai ƙara zama a bakin rumfar Kalilu ba, in sun haɗu a masallaci sai dai ya amsa sallama ya wuce.

Kalilu bai sayar da rediyon ba. Ya ci gaba da kunnawa, sai dai yanzu gardama yake yi da shi. Da aka ce mutanen Rasha sun harba wani ƙarfe yana zagaya duniya, ya ce, "Su da ba su iya hawo da ruwa daga gaba ashirin, su ne za su kai ƙarfe sama?" Da aka ce an sami man fetur a kudu, ƙasa za ta yi arziki, ya ce a tambayi wanda za a rufe wa rijiya a can. Ya daina sa takin zamani. Da aka fara maganar mulkin kai, ya ce ya riga ya ga ɗaya daga cikin masu karɓar mulkin, tare aka yi musu kaciya. Mutane suka dawo rumfa, wasu don labarai, da yawa don su ji abin da zai ce. Suna dariya, shi ba ya yi.

A 1958 agana ta ɓulla a ƙauyukan hayin Faransa, can wajen Maraɗi, ta biyo fatake ta tsallako. Masu lamba, wato masu tsagar rigakafin agana, suka zo Mazanya da akwatinsu, mai shela ya zaga. Kalilu ya ce ba mai tsaga masa 'ya'ya. Ya ce yau ruwan duro ne a tanki, gobe ruwan banza ne a kwalba. Ya hau kekensa ya tafi Jibiya.

Bayan kwanaki yana ɗaukar Hassana sai ta yi ƙara. Ya ɗaga hannun rigarta ya ga ƙurjin lamba. Ya duba Rabi'a, ita ma haka. Ya kira Barira tsakar gida.

"Ke ma? Na hana, kin bari na ba da baya?"

Barira tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba. Ta ce, "Malam, shekara biyu ina zuwa gulbi ban ce maka komi ba, don na san ba da mugunta ka yi ba. Ya'u ya cuce ka. Mai lamba ba Ya'u ba ne. Ɗiyana ba za su biya abin da wani ya yi maka ba."

Ya daina cin tuwonta kwana da kwanaki, yana ci a kasuwa. Sannan zazzaɓi ya kama shi, ƙuraje suka feso. Barira ta yi jinyarsa a bukkar bayan gida, ita da ta yi agana tun tana yarinya. Ya tashi da zanzana a fuska, idonsa na hagu ya yi fari. Yaran ko ciwon kai ba su yi ba. A gidan da ke jikin nasu an binne biyu. Bai taɓa ce wa Barira ta yi daidai ba, amma da aka haifi Lawwali shi da kansa ya tambayi ranar da masu lamba za su dawo.

Wannan bai sa ya koma yarda da akwatin rediyon ba. Labari ɗaya ne ya gaskata nan take, lokacin da aka ce Faransa na shirin gwada wani mugun bam a cikin Sahara. Direbobin Maraɗi suna cewa ƙarya ce, ai nesa ne. Kalilu ya ce, "Wanga za su yi shi. Alherin ne suka mantawa."

Gab da zaɓen 1959 Ya'u ya sake zuwa, a mota baƙa, ya yi ƙiba. Ya tsaya a bakin rumfa ya ga fuskar Kalilu, ya yi masa jaje. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, yanzu wutar lantarki za a kawo Jibiya, har rumfar nan za a sa ƙwan fitila. Tutoci yake so, kuma wannan karon zai biya.

Kalilu yana ƙoƙarin zura zare da ido ɗaya. Sai da ya zura sannan ya ce, "Ka tahi Mazanya ka gaida iyalan Baba Mahmudu tukuna. Ka san gidan."

Ya'u ya ce sauri yake yi, wani zuwan. Ya kai aikin wajen wani tela a bakin tasha.

A ranin shekarar mutanen Mazanya suka haƙa sabuwar rijiya a gabas da gari. Kalilu ya rufe rumfa wata guda yana jan ƙasa tare da su, ya kuma ɗinka wa masu haƙa rijiyar riguna a madadin ladansu. Ruwanta bai kai na tsohuwar daɗi ba, yana da ɗan gishiri, kuma takan ja baya a bazara. Kalilu ya yi ɗinki har ɗayan idon ya gaza, ya miƙa keken ga mijin Rabi'a. Ya'u ya yi Hajji ya dawo, yakan aiko masa da dabino da gaisuwa ta hannun direbobi. Kalilu yakan raba wa 'yan rumfa dabinon, bai taɓa aika amsa ba.