Haƙorin Makkan Inna

Mai farmasin bakin layinmu ce ta tona asirin Inna. Doguwar mata ce, ba Bahaushiya ba, amma ta daɗe a Zongo har Hausa ta zauna a bakinta. Na tsaya sayen maganin tarin yara a kan hanyata ta dawowa daga kasuwar Dantokpa, sai ta riƙe ledar ba ta miƙo mini ba.

"Hajiyarku ta zo sau huɗu a watan nan neman maganin ciwo," in ji ta. "Jiya na hana ta. Kumatunta ya kumbura. Ƙwaya ba za ta yi wannan aikin ba, ki kai ta wajen likitan haƙori."

Raina ya ɓaci, kuma kunya ce ta fi yawa a ciki. Gida ɗaya muke, ni nake zuba mata tuwo, amma ciwon uwata sai a waje zan ji shi. A nan na tuna ƙamshin kanumfari da ya cika ɗakinta, da yadda ta daina cin goro, wai ta tuba. Inna da goro, tuba.

Na same ta a tsakar gida ta ja mayafi har kan kumatu. Ban ko zauna ba na fara faɗa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Na Makka ne. In na je, cire shi za su yi."

Shekarar da za a yi aurena suka je aikin Hajji ita da Baba, da kuɗin shanun da ya jima yana fatauci. A can ya sa aka lulluɓe mata haƙori ɗaya na sama da zinariya. A unguwarmu mace in ta yi murmushi kowa ya ga ta sauke farali, ba sai an faɗa ba. Baba ya rasu shekara shida ke nan, rigunansa duk an raba, haƙorin ne kawai ya rage mata.

"To a bar shi ya kai ki kabari?" na ce.

"Bakinki irin na ubanki ne, ba linzami."

Kwana uku muna ja-in-ja. Abin da ya karya ta sujada ce: da ta kai goshi ƙasa sai ciwon ya buga mata har tsakiyar kai, ta kasa idar da sallah. Washegari da sassafe muka hau zemijan biyu, wato baburan haya, zuwa asibitin gwamnati, ina waiwayen nata kada ta sa mai babur ya juya da ita.

A sashen haƙori aka ba mu lamba, muka zauna a benci har rana ta take. Inna, da bakin da ba ya buɗuwa sosai, ta samu wata mata daga Godomey ta hau koya mata dabarar kanumfari, har sai da na harare ta.

Likitan bai kai ni shekaru ba. Ya ce, "Mama, buɗe baki." Ta dube ni, na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya duba, ya ce haƙorin da ke ƙarƙashin lulluɓin ya ruɓe har saiwa, babu yadda za a cece shi. Inna ta dube shi.

"Ɗana, in ka cire, ka ba ni abina a hannu."

Ya cika alkawari. Ya wanke shi tas, ya naɗe a auduga, ya sa mata a tafin hannu. Sannan ya juyo ya gaya mini da Faransanci, wanda Inna ba ta ji, cewa ba zinariya ba ce, ƙarfe ne aka yi wa ruwan zinariya. Tausayinta ya kama ni, na ji haushin Baba a kabarinsa, na kuma ƙudura ba za ta taɓa ji daga bakina ba.

Bayan ta warke, gwaggona ta zo dubiya, ta ce a kai wa maƙeri ya mayar da shi zobe. Na yi caraf na ce maƙeran yanzu ba amana, na kawo dalili ya fi goma. Inna tana kallona kawai. Da gwaggo ta tafi ta kira ni.

"Yaron likitan nan ya gaya miki ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni da na tsufa cikin kasuwa, ba zan san zinariya ba? Tun a Makka na gane. Guzurinmu ya ƙare, shi kuma ya rantse ba zan dawo Zongo baki haka ba. Ya ce mini zinariya ce, na ce na gode, Alhaji." Ta juya abin a tafinta. "Shekara ashirin ina yi masa murmushi da shi. Ina jin shi ma ya san na sani."

Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ce in goga mata goro, tunda taunawa sai ta ɗaya gefen.