Zaren da Ban Ƙulle Ba

Babana maɗinkin hannu ne, kuma mutum ne da magana ke yi wa wuya. In ya ce maka "to" da safe, sai ka riƙe ta da kyau, don wata ba za ta fito ba sai azahar. A zaurenmu, can ƙasar Bagudo, ya koya mini riƙon allura, kuma da ido ya koya mini. In ɗinkina ya karkace ba ya faɗa. Sai ya karɓa, ya warware, ya miƙo mini. Wallahi na fi son ya mare ni in huta.

Abu ɗaya ya taɓa buɗe baki ya yi mini bayaninsa. An yi rasuwa a unguwa, aka kawo farin saƙi a haɗa likkafani. Na ga ya zaro zare daga jikin ƙyallen, ya yi ɗinki manya-manya, ya kai ƙarshe bai ƙulle ba. Na ce, "Baba, ka manta ƙulli."

Ya ce, "Ba a ƙulle wanga. Kayan mai rai aka ƙulle ma zare."

Maganar ta zauna mini daram a kai.

Shekarar da Turawa suka miƙa mulki, mu da mutanen Dahome kusan lokaci guda, ruwa ya cika ya cinye gonakin shinkafa. A kasuwa ana ta zancen sabuwar tuta, mu kuwa zancen ruwa muke yi. Inna ta tafi wurin iyayenta a wani ƙauye na bakin Kwara, can tsallaken iyaka. Tana da tsohon ciki, amma a gidanmu ba a zancen ciki. Kunya ta hana.

Rannan labari ya zo cewa jirgi ya kife da matan ƙauyen su Inna a hanyar kasuwa. Baba ya ajiye allura, ya saka takalmi, ya fita. Bai ce mini komai ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Washegari da la'asar sai ga shi, ƙafa duk taɓo, da naɗin farin saƙi a hammata. Bai dube ni ba. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera ƙyallayen, ya auna da kamu, ya yanka. Na duba tsawon, na ga daidai Inna. Ya turo mini, yana kallon bango.

"Haɗa," in ji shi.

Na ce a raina, shi ke nan, likkafanin Inna ne. Na zaro zare daga jikin ƙyallen kamar yadda na ga ya yi, na soma ɗinki manya-manya. Hawaye na ɗiga kan farin, ina sharewa da gwiwar hannu don kada ya ɓaci. Haushinsa nake ji kamar in mutu. A raina ina cewa, ko yau ma, bawan Allah, ba za ka buɗe baki ba? Na kai ƙarshe, na bar zaren a sake, na miƙa masa.

Ya ja da yatsa biyu, ɗinkin ya zare baki ɗaya. Ya ɗago kai.

"Mi ne na haka?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai rannan. "Ai kai ka ce ba a ƙulle na mamaci."

Ya yi tsuru yana kallona. Muna haka gwaggona, yayarsa, ta shigo da ƙwaryar fura. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙyallen, nan take ta gane.

"Au, bai gaya maka ba?" Ta juya kansa. "Kai dai wagga kunya taka sai ta kashe mutum. Yaro na kuka kana kallon bango." Sannan ta dafa kaina. "Innarka ba ta ko shiga jirgin ba, tana ɗaka tana naƙuda. Ta sauka lafiya, ɗiya mace. Matan ma masunta sun tsamo su duka, kifin kasuwa kawai ya koma ruwa. Wanga zanen fitar suna ne, gobe marina za a kai shi."

Ashe nauyin baki ne ya kama shi. Ina shi ina gaya wa ɗansa na fari cewa matarsa ta haihu? Kuka da dariya suka haɗe mini, har gwaggo ta ce in sha fura kada in shaƙe.

Baba ya ɗauko zare mai ƙwari, ya lasa, ya zura a allura da kansa.

"Ƙulle shi da kyau," in ji shi. "Za ta daɗe tana ɗaurawa."

Na haɗa zanen, na yi ƙulli kan ƙulli har ya yi gudaji kamar ƙwayar gyaɗa. Mummunan aiki ne, na sani. Ya karɓa, ya murza gudajin da babban yatsa, ya naɗe zanen. Wannan karon bai warware ba.

Inna ta yi shekaru tana mitar ƙullin yana danne mata ƙugu. Duk sanda na ce ta kawo in gyara, sai ta ce in bar mata abinta.